Masaukin da Ya Cinye Mana Farar Hamada

Tun da muka dawo daga Masar, duk wanda zai kai mara lafiya can daga unguwarmu ta Ƙofar Kibo a Zariya sai ya biyo ta zaurena. Wannan ya tambaye ni asibiti, wancan ya tambaye ni abinci, wani kuma sanyin garin. Ina ba su amsa gwargwadon sanina. Amma abin da ya fi ci mini rai babu mai tambayata, wato maganar masauki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk da ban yi nisa a boko ba. Ni maɗinkin hannu ne na manyan riguna, ɗinkin aska biyu da aska takwas na sani, ba alƙalami ba. Allah ya sa abin da zan faɗa ya amfani wani.

Idon matata Hajiya ne ya kai mu Alƙahira. Na hagu ya riga ya tafi tun muna gida, hawan jinin ido ya cinye shi a hankali. Na dama muka je ceto. Likitan wani dattijo ne mai sanƙo, ba ya ɓoye magana. Ta bakin tafinta ya ce za a yi aiki, amma ba ya yi mana alkawari. Aikin yana iya tsayar da ɗan ganin da ya rage, yana kuma iya tafiya da shi gaba ɗaya. Ya ba mu maganin ɗigawa, ya ce mu dawo Alhamis ta sama da sassafe a kwantar da ita.

A ɗakin da ake jiran likita akwai wani babban hoto a bango. Duk zuwan da muka yi sai Hajiya ta tashi ta je gabansa, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Fararen duwatsu ne tsaitsaye a cikin rairayi, wasu kamar rumbuna, wani kamar tulu a kife, wani kamar kaza ta kwanta a kan ƙwai, rana tana faɗuwa ta rine su ja-ja. Tafintan ya ce mata, "Mama, Farar Hamada ke nan. Gandu ne da gwamnati ta keɓe, ba a gini ba a farauta, mutane na zuwa kallo daga ko'ina. Duk abin da kike gani farar ƙasa ce."

Ta ce, "Duka?"

Ya ce, "Duka, Mama."

Hajiya 'yar ƙauye ce. Tana yarinya takan bi kakarta haƙo farar ƙasar shafen ɗaki, su wuni a rami kafin su cika ƙwarya. Da muka koma gidan da muke haya, ta gama salla, sai ta ce, "Malam, tun da ka ajiye ni ban taɓa cewa ka kai ni ko'ina ba. Kafin a taɓa idon nan, ina so in ga wurin can." Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Na ce to.

Likita ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce idonta ba ya ɗaukar haske mai ƙarfi, kada a fitar da ita cikin tsakar rana. In za ta kalla, ta kalla da yamma lis ko da sassafe.

'Yar autarmu Rabi, mai aikin jinya a Wusasa, ita ta bincika mana komai ta waya. Ta kira ni ta ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Inda za ku kwana shi ne kallon gaba ɗaya. Garin ƙarshe yana da nisa da duwatsun. A cikin gandun kuwa babu gida ko ɗaya, sai masu jagora da gwamnati ta ba izini, su ke kafa tanti. Za su shiga da ku da la'asar, Mama ta ga faɗuwar rana, ku kwana, ta ga fitowarta, ku fito kafin rana ta yi zafi. Na kama muku tanti naku ku kaɗai, har da kewaye."

Na ce, "Tanti? Ni da uwarki a daji, ba katanga ba ƙofa, ga Turawa da gajeren wando a gefenmu? In aka ji a Ƙofar Kibo fa?"

"Baba, wa zai kai labari Ƙofar Kibo, raƙumi?"

"Ke, ba na son rashin kunya."

"To akwai ƙaramin otal a garin, su ma suna kai mutane da yamma."

"Otal kuma? Ubana bai taɓa kwana a otal ba."

Ta ce, "Ai jirgin sama ma bai taɓa hawa ba, Baba, ga ka a Masar."

Na yi mata faɗa, amma na yarda da tantin, raina ba ya so.

Washegari Juma'a ce. An idar da salla, ina neman takalmina a ƙofar masallaci ina mita, "Ina kuma takalmin nan ya shige?" Sai na ji an cafke hannuna. Wani mutum ne baƙi dogo cikin jallabiya irin tasu, gemunsa ya fara furfura, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, Hausa na ji? Don Allah sake faɗa."

Sunansa Ɗanjuma, mutumin Tukur-Tukur. Ya zo karatu tun yana saurayi, karatun bai yiwu ba, kunya ta hana shi komawa gida. Ya auri 'yar ƙasar, yana aiki a gonar dabinon surukinsa, kawo dabino ma ya yi birni. Da na faɗa masa inda za mu, sai ya dafe ƙirji.

"Farar Hamada? Baba, ai bayan gidana ce! In ka hau sorona kana hango ta. Mota akwai, masu gadin wurin duk abokaina ne. Ɗan Zazzau ya zo ƙasar da nake ya kwana a tanti kamar wanda ba shi da kowa? Wallahi ban yarda ba."

Yaran yanzu ba za su gane abin da maganar nan ta yi mini ba. Mu mun taso ne a kan cewa duk garin da ka je, ɗan garinku za ka nema, shi ne mai masaukinka. Zauren ubana bai taɓa rabuwa da baƙi masu sayen riguna ba. Baƙo kuwa in ya sauka ya shiga hannun mai gida, ba ya titsiye shi da tambaya, ba ya tashi sai an sallame shi. Na ji kamar Allah ne ya raba ni da kunyar tanti. Nan take na kira Rabi na ce ta soke. Ta yi magiya, ta yi fushi, har ta yi kuka. Na kashe waya.

Hajiya kuwa tambaya ɗaya ta yi mini. "Ka san shi ne, Malam?"

Na ce, "Ɗan Zazzau ne."

Ta ce, "Zazzau da faɗi."

Muka shiga bas tare da shi. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba itace ba gari, rairayi hagu rairayi dama. A kowane shinge sai a karɓi fasfo ɗinmu mu kaɗai a tafi da shi, a bar mu muna jira mutanen mota suna kallonmu. Rana ta juyo ɓangaren Hajiya, ta rufe fuska da mayafi. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ta tashi ba wanda ya roƙe ta, ta kama hannun Hajiya ta zaunar da ita a kujerarta ta ɓangaren inuwa, ita ta koma cikin ranar. Ba su ji yaren juna ba, amma har muka sauka suna riƙe da hannu.

Garin na dabino ne, ga ruwan zafi yana ɓulɓulowa daga ƙasa. Gidan da Ɗanjuma ya kira nasa ɗakuna biyu ne a kusurwar gidan surukinsa. Ban raina ba, talauci ba laifi ba ne. Da gari ya waye na hau soron da ya ce. Na ga dabino, na ga awaki, na ga shanyar maƙwabta, can nesa kuma wasu duwatsu baƙaƙe ƙirin kamar an ƙona su.

"Ɗanjuma, ina farar?"

"Bayan baƙaƙen can take, Baba. Rana ce ba ta daidaita ba."

"To yaushe za mu?"

"Haba Baba, ko gajiya ba ka sauke ba. Gobe in sha Allahu."

Maganar gaskiya, an karrama mu. An yanka agwagwa, an yanka ɗan akuya, shayi ba ya yankewa. Ɗanjuma ya roƙe ni in sa babbar rigata, wata aska takwas da na ɗinka da hannuna na taho da ita saboda Juma'a. Ya zaunar da ni a kan kilishi a ɗakin baƙin surukinsa, maza suna ta shigowa. Larabcina na littafi ne, na zaure, in na yi magana sai su yi murmushi kamar sun ji mai huɗuba yana cinikin albasa. Amma na ji sarai yana gaya musu ni ƙanin mahaifinsa ne. Na ce a raina, kowane dattijo baffa ne, na ƙyale. Sai na ji ya ƙara da cewa ni babban malami ne a garinmu. Wannan ma na ƙyale. Suna shafa ɗinkin rigar, suna sumbatar kaina, wani har ya kawo jaririnsa in tofa masa addu'a. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. A Zariya ni mai ɗinki ne da ake yi wa ciniki, a nan an mai da ni wani abu.

Da yamma kuma Ɗanjuma ya zauna a gabana ya yi ta tambayar gida. Ganuwa tana nan ko an cinye ta da gini? Har yanzu ana kawo rake daga ƙauye a jibge a bakin hanya? Wane ya mutu? Wance fa? In na ambaci tuwon masara da miyar kuka sai ya rufe ido. Ni kuma na samu mai saurare, na yi ta zuba.

Kowace safiya da nata dalilin. Yau mota tana gareji. Gobe takardar izini ba ta fito ba. Jibi uwar direba ba ta da lafiya.

Hajiya tana can ɗakin mata, ba mai jin Hausa, talabijin yana ta ihu, hayaƙin girki yana shiga idonta. Matar Ɗanjuma mutuniyar kirki ce, ita take ɗiga mata magani. Amma Hajiya ba jinya ta zo ba. Duk sanda na leƙa sai ta juyo da idon nan guda wajen muryata.

"Malam, yau ma?"

"Gobe in sha Allahu."

"Ka tambaye shi da kyau kuwa?"

"Hajiya, baƙo ba ya titsiye mai gida. Kina ganin irin hidimar da ake mana."

Ta ce, "Ina gani. Sauran ganin nawa nake ji wa tsoro." Ta juya fuska bango.

Ranar Talata da hantsi na fita ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. A bakin kasuwa na tarar da manyan motoci masu shiga rairayi a jere, ana ɗaure musu tanti da barguna da tukwane a sama. Akwai Turawa, ban musa ba. Amma a cikin masu jiran tafiya har da wani mutum mai gemu da carbi, da matarsa cikin hijabi har ƙasa, da tsohuwar uwarsa a keken guragu, suna ta dariya. Na tsaya ina kallonsu, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Waɗannan ba su san kunya ba ne, ko ni ne ban san ta ba?

Na matsa wajen wani direba mai fari a gashin baki, Salihu sunansa. Na haɗa Larabcina na tambaye shi nisan wurin. Ya ce tafiya ce sosai, kuma ba mai shiga sai da mota irin tasu da izinin hukuma. Ya ce, "A gidan wa ka sauka, ya Hajji?"

Na ce, "Gidan Juma'a, mutumin Najeriya," don haka suke kiran Ɗanjuma a garin.

Ya kwashe da dariya har yana dukan ƙofar mota. Ya kira 'yan uwansa direbobi ya faɗa musu, su ma suka kama. "Juma'a mai dabino? Da jakinsa zai kai ka? Shi kansa bai taɓa zuwa ba!"

Na yi masa bayanin Hajiya, na nuna idona, na nuna masa da hannu yadda ake yanka. Dariyar ta tsaya. Ya ce yana da wurin mutum biyu, bayan azahar zai tashi, in kawo ta. Ya ce za ta ga faɗuwar rana, ta ga fitowarta, gobe da hantsi ya dawo da mu mu kama motar Alƙahira. Na lissafa a raina, na ga wannan ce dama ta ƙarshe, domin jibi da sassafe asibiti ke jiranmu.

Na koma gida kai tsaye. Na sami Ɗanjuma a bayan gida yana ba jakin nasa ruwa.

"Kai Ɗanjuma, ina motar?"

"Baba, gobe..."

"Kada ka sake ce mini gobe! Na je kasuwa, an yi mini dariya da sunanka. Mace tana jiran wuƙa a idonta, ka ajiye ta a ɗaki kana ciyar da ni agwagwa? Me muka yi maka? Hausar da na yi a ƙofar masallaci ce laifina?"

Sai ya zube ƙasa ya riƙe ƙafata. Yana kuka ya faɗa mini gaskiya. Yana da 'ya budurwa, wani yaron kirki yana son ta, amma dangin yaron sun ƙi. Sun ce ba a san asalin ubanta ba, tun da ya zo garin ba a taɓa ganin wani nasa ya taka ƙafa ba, wataƙila ma ba shi da kowa. Da ya gan ni da rigata a masallaci, ya ce Allah ne ya aiko ni. Ya baza labari cewa baffansa ya zo daga Najeriya. Kuma yau ɗin nan, da magariba, dangin yaron za su zo neman aure a hannuna.

"Baba, in ka tafi yau ka tona mini asiri. Ka kashe auren yarinyar nan. Ka ci abincina, Baba. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka."

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da ya faɗa mini gaskiya tun a Alƙahira, da na yi masa. Mene ne a ciki? Mu je Hajiya ta yi kallonta, mu dawo in zama baffansa har in zama kakansa in yana so. Amma ya ji tsoron in mun ga abin da ya kawo mu za mu wuce, sai ya ɗaure mu da abinci da gobe, kamar yadda ake ɗaure akuya kafin Salla. Ya san idonta. A gabansa ake ɗiga mata magani. Ya auna idon matata da mutuncinsa, ya ga mutuncinsa ya fi.

To, ni fa? Ni ma aunawar na yi. Motar Salihu tana bakin kasuwa, ƙafata ba a ɗaure take ba. Na dubi mutumin nan a ƙasa, na tuna mazan da suka sumbaci kaina, na ji nauyin a ce baƙo ya tashi ba sallama ya bar mai masauki cikin kunya. Na ce masa, "Tashi." Ban ma je na shawarci mai idon ba. Na leƙa na ce mata an samu mota, gobe da safe.

Gab da magariba suka zo. Na zauna cikin aska takwas, aka gaisa, aka yi jawabi, na ba da 'yar da ban san sunan kakarta ba. Muna ɗaga hannu za a karanta Fatiha, idona ya kai kan bangon da ke fuskantar taga. Rana tana faɗuwa, ta rina farin bangon ja-ja, irin launin hoton asibiti sak. Bakina yana Fatiha, zuciyata tana cikin motar Salihu. Daga cikin gida mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya ba ta jin Larabci, amma guɗa ba ta bukatar tafinta.

Da safe na kama hannunta muka fita da jakarmu, ban nemi sallamar kowa ba. Tashi ba sallamar da na kasa yi jiya ke nan, na yi shi yau da ba shi da amfani. Muka zauna a bakin kasuwa har Salihu ya dawo da mutanensa. Tsohuwar nan ta keken guragu aka sauko da ita tana ta magana tana nuna sama da hannu. Salihu ya gan mu, ya buɗe hannu biyu, "Ya Hajji, na jira ka!" Na roƙe shi ya kai mu.

A gajiye yake, amma ya yarda ya koma da mu. Ya gargaɗe ni cewa rana za mu tarar. Kafin a gama maganar izini a shinge, hantsi ya wuce. Muka bi ta cikin baƙaƙen duwatsun nan, muka yi ta tafiya, har ƙasa ta fara yin fari. Rana tana tsaka muka isa.

Ni mai ido biyu ma da ƙyar na buɗe su. Sama haske, ƙasa haske, duwatsun suna walƙiya kamar an goge kwano an sa a rana. Salihu ya cire baƙin tabarau ɗinsa ya sa wa Hajiya, ya warware rawaninsa ya yi mata rumfa. Na fito da ita a hankali. Ta ɗaga kai, ta buɗe idon, sai ta yi ƙara ta dafe shi. Hawaye ya zubo ta ƙarƙashin tabarau. Ta sake gwadawa. Ta sake. Na ce ta bari, ta ture hannuna ta gwada na ƙarshe, sannan ta sunkuyar da kai.

Salihu ya ja mu ƙarƙashin wani dutse mai faɗin kai, inda akwai 'yar inuwa. Ya shimfiɗa bargo, ya koma can gefe yana hura wutar shayi, ya juya mana baya don kada mu ji nauyinsa. Hajiya ta miƙa hannu ta laluba dutsen. Ta murza, ta shinshina yatsunta.

"Ita ce," ta ce. "Irin ta kakata ce."

Na ce, "Hajiya, bari in gaya miki yadda suke. Wancan kamar..." Sai maganar ta tsaya. Ni da na kwana ina ba Ɗanjuma labarin kowane lungu na Zariya, na rasa kalma ɗaya.

Ta ce, "Bar shi, Malam. Da labari nake so, da na tsaya a gaban hoto." Sannan ta ce, "Jiya akwai mota, ko?"

Na ce, "Akwai."

"Na sani. Matarsa ta zo ta riƙe hannuna tana kuka, ana biki. Na ce wannan kukan ba na biki ba ne." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ban hana ka taimaki yarinya ba. Da ka tambaye ni, wataƙila ni ma in ce a tsaya. Amma idona ne, Malam, ni ya kamata in bayar, ba kai ba. Ka ji kunyar mutumin da ka tsinta a ƙofar masallaci. Ni da na tsufa a ɗakinka ba ka ji kunyata ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Kuma ba wannan ne karo na farko da na ɗauki abin cikin gida na saya wa kaina mutunci a waje ba, ita ta sani, ni ma na sani. Wannan ne dai wanda ba ya mayuwa.

Na tashi na je na roƙi Salihu mu tsaya har yamma, ko me zai ci. Ya ce shi ba ya ƙi, amma motar Alƙahira ta ƙarshe da la'asar take tashi, kuma ba a barin baƙin ƙasa su kama hanyar nan in duhu ya yi. In muka tsaya, mun rasa asibiti. Ina cikin magiya Hajiya ta kira ni.

"Tashi mu tafi, Malam. Kada in rasa biyu."

A tasha muka tarar da Ɗanjuma da kwalin dabino, wai yana so a ɗauke mu hoto don ya nuna wa surukai. Abin da na gaya masa ba zan rubuta shi ba, na dai nemi gafarar Allah daga baya, ban nemi tasa ba. Hajiya ce ta ce in karɓi dabinon. Ta ce yarinyar ba ta da laifi, a gaya mata Allah ya ba da zaman lafiya.

An yi aikin. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ban ga laifinsa ba. Yanzu Hajiya tana bambance dare da rana, tana gane inda ƙofa take in a buɗe take, shi ke nan.

Saboda haka kai mai shirin tafiya, in abin da za ka gani yana cikin daji, kwana a dajin. Tambayi masu aikin wurin, kada ka tambayi mai jin yarenka don kawai yana jin yarenka. Kuma tun kafin ka amsa tayin kowa, juya ka tambayi wanda aka yi tafiyar dominsa.

Da muka dawo, matan unguwa suka cika ɗakinta da barka da zuwa. Rabi ta riga ta gaya musu za mu Farar Hamada, har ta nuna musu hotuna a waya. Ina zaure ina jin su. Wata ta ce, "Hajiya, ba mu labari mana, yaya wurin yake?"

Na ajiye allura, na kasa kunne. Ina jira ta faɗa musu abin da na yi, kuma da ta faɗa da ban ce uffan ba.

Ta ce, "Fari ne."

Suka jira ta ƙara, ba ta ƙara ba. Har yau duk wanda ya tambaye ta, iyakar abin da take faɗa ke nan, kuma ba ta yi ƙarya ba. Iyakar abin da na bari ta gani ke nan.